Ranar da Inna Ta Dawo da 'Yan Rakiyarta

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Legas, ya maijego da jariri? Allah ya raya.

Yaya, kunya ce ta hana ni rubutu da wuri. Tun da soja suka sauka daga mulki na samu aiki a sabon kamfanin jirgin saman nan, na cika unguwarmu Gyaɗi-Gyaɗi da "jirginmu, jirginmu." Ni na hana Inna shiga mota zuwa sunan, na yankar mata tikiti. Ta bi gida-gida ta yi sallama, mata suka cika bas don rakiya.

A filin jirgi muka tarar an rufe ƙofar da fasinjojinmu ke bi, wai kamfani bai biya kuɗinta ba. Jirgin ma ashe na haya ne. Ya tafi gyara waje, masu shi suka riƙe abinsu.

A bas ɗin 'yan rakiya Inna ta dawo. Ba ta yi faɗa ba, sai dai ta ce, "Sabi'u, ashe jirgin naku ma ɗan haya ne kamar mu?" Har yau ta bayan layi nake shiga gida.

Ka ba maijego haƙuri, ka sa ni a addu'a. Inna na tafe Asabar, a mota.

Ƙaninka,
Sabi'u