Zanen Lalle a Jikin Tukunya

Daga Saint-Fons, Lyon

Halimatou, sanyin idona, inuwata idan rana ta yi tsaka, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko!

Ina gajiya? Yaya aikin furanni a kasuwar Rungis, yaya sanyin Paris, yaya Amal? Ni ƙalau nake, in ban da ciwon da kika sani, wanda maganinsa yana unguwarku ta Porte de la Chapelle, bayan wata ƙofa da har yau ban taɓa ƙwanƙwasawa ba.

Na saurari saƙon muryarki, na sake, na kuma sakewa. Kika ce 'yarki za ta cika shekara takwas a watan gobe, kuma ta ce ba ta son biki, ba ta son kowa ya zo. Kika rufe da dariya. Haba masoyiya, ni za ki yi wa wannan dariyar? Dariyarki ta gaske kamar tsuntsaye ce suna tashi daga gonar gero. Wannan kuwa tsuntsu ɗaya ce da ta jiƙe.

Kin tuna ranar da muka zauna bakin kogin Rhône, bayan sunan ɗan ƙanwarki Hassia? Iska tana wasa da gefen mayafinki, ni kuma ina ta kame-kamen abin faɗa. A nan kika ba ni labarin bikin bara. Kin gayyaci 'yan ajin Amal, kin kwaɓa lallen da Inna ta aiko miki daga Maradi, kin zauna a ƙasa kin zana wa kowace yarinya fure a tafin hannu, kamar yadda ake yi mana ado a gida idan ana son a nuna wa baƙo ya zama ɗan gida. Yaran suka tafi suna ɗaga hannuwa sama. Ran Litinin wata uwa ta tare ki a ƙofar lekol, makarantar su Amal, ta kamo hannun 'yarta da ya yi ja don gugar sabulu, ta ce, "Madam, wa ya ba ki izini ki rina mini yarinya?" Daga ranar gayyata ta ɗauke wa Amal. Da kuka koma gida ta dube ki ta ce, "Mama, ke dai kullum sai kin yi abin ƙasarku."

Ba ki yi kuka ba da kike faɗa mini. Ruwan kogin kawai kike kallo. A ranar na san cewa ina son ki, so irin wanda ba ya wankuwa da sabulu.

Na daɗe ina juya wannan labari, domin aikina ke nan: kullum in an tashi lekol, yaran unguwar nan ta ma'aikatu suna hannuna har iyayensu su sauko daga aiki. Abin da suka koya mini shi ne, yaro ba ya ƙin biki. Abin da yake tsoro shi ne safiyar Litinin. Amal ba ta ƙi ki ba, ba ta ƙi lalle ba. Tana tsoron ta sake tsayawa ita kaɗai a filin wasa. Ke kuma ba ki yi mugunta ba, kyauta kika yi. Sai dai kyautar ta bi yaran gida a kan fatarsu, iyayen ba su da yadda za su ce a'a.

To me zai hana zanen ya sauka daga hannu ya koma jikin tukunya?

Ki saurare ni, farin watana. A yi wa Amal bikin masu lambu. Ita ce 'yar mai furanni, wa ya fi ta cancanta? Ki kawo ragowar furannin da ake warewa a wurin aikinku, a cika falo da su har ya zama kamar fadama da kaka. Kowane yaro a ɗaura masa tsohuwar riga a kan kayansa, a ba shi ƙaramar tukunyar ƙasa da buroshi. Ke ki zauna a tsakiya, kamar bara, amma da fenti a hannunki. Wanda ya so, ki zana masa furen lallenki a jikin tukunyarsa, shi kuma ya cika launin da ya ga dama. A ɓoye ƙwayoyin wake a ƙarƙashin matasai da bayan labule, su bazama nema, duk wanda ya samu ya zo ya shuka a tasa tukunya. Wake ba ya jan rai, kafin su manta da bikin ya tsiro. Shi ke nan tsarabar komawa gida: ba jakar alewa da za ta ƙare a mota ba, abu mai rai da za a ajiye bakin taga ana ba shi ruwa, ana cewa na bikin Amal ne.

Na gwada da yarana a nan. Falon ya koma kamar an yi ruwa da ƙanƙara! Wata 'yar ƙarama mai bakin tsiya ta dubi zanena, ta kira ni da sunan da suke kiran malami a nan, ta ce, "Mushe, wannan fure ne ko kaza ce ta taka?" Kin ga dai hannuna bai kai naki ba. Amma da iyaye suka zo, babu wanda ya bar tukunyarsa.

Kuma don Allah, kada ki ɗora babbar tukunyar shinkafa. Iyayen nan ajiye yaro suke yi a bakin ƙofa su juya, su dawo daidai lokacin da aka rubuta musu. Gato, wato kek, da ruwan zoɓo mai sanyi sun isa. Ki tambayi kowace uwa abin da ɗanta ba ya ci, ki ajiye ƙuli-ƙuli da duk abin gyaɗa a gefe. Su Hajiya da mutanenmu kuwa ki kira su washegari, domin kin san su: sai an share falo za su iso suna tambayar ina masu bikin.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Tun farko kin gaya mini cewa tun rasuwar mahaifin Amal ba ki shigar da wani namiji gidanku ba, kuma ba za ki ba ni amsa ba sai Amal ta gan ni zuciyarta ta kwanta. Na yarda, har gobe na yarda. Amma ta yaya za ta gan ni alhali jirgin ƙasa kullum yana tashi daga Lyon ba tare da ni ba? Har yaushe zan riƙa sanin muryarta daga nesa, tana kiranki a bayan waya? Ki bar ni in zo, Halimatou! Ba a matsayin mai neman aure ba, ba da babbar riga ba. In zo ɗauke da buhun ƙasa a kafaɗa, in wanke buroshi, in goge fentin da ya zube, in ɗaure wa yara takalma. Ta kira ni Tonton, wato kawu, ta kira ni Mushe, ta kira ni mai ƙasa, duk na amsa. Wurin mahaifinta nasa ne, ba zan taɓa matsa kujerarsa ba. Ɗan wuri kawai nake roƙo a gefen tabarma.

Ki tambaye ta, kada ki yanke mata. Bikinta ne. Idan ta ce a'a, tukwanen za su iso ta hannun Hassia, ni kuma in zauna a nan in ci gaba da jira, ba tare da na ɓata fuska ba.

Saura lallen Inna. Kin ce mini ragowarsa yana can saman kabad, kin rasa ko ki zubar. Kada ki zubar, hasken raina. Ba na yaran mutane ba ne, bai taɓa zama nasu ba. Ki bar shi inda yake har ranar da Amal da kanta za ta hau kujera ta sauko da shi, mata su taru su kwaɓa, a zana miki shi hannu da ƙafa da sunana. Ranar ba wanda zai nemi sabulu.

Naki tun daga bakin kogin nan, naki ko an buɗe ƙofa ko an ce in ƙara haƙuri, naki muddin ina numfashi,

Munzali