Amfilifaya a Zauren Inna

Asabar, 22 ga Yuni
Na shiga Kano, shagon Abdulkabir mai gyaran kayan sauti. Amfilifaya biyu, wato na'urar ƙara sautin jita, ya nuna min, duk na da, masu kwalabe a ciki irin na tsofaffin rediyo. Babba mai sifika biyu, sai mutum biyu ke ɗaga shi. Ƙarami kuwa kamar akwatin kayan ɗinki. Da na jona jitata a babban, sai da gashin jikina ya tashi. Sautin yana da ɗumi, kamar muryar mutum, ba irin ƙarar gwangwanin na makaranta ba.
Abokina Naziru, wanda muke zuwa kiɗan biki tare ba da sanin Inna ba, ya ce: "Malam, ɗauki babban. Ƙaramin nan ko akuya ba zai tayar ba."
Abdulkabir ya yarda in tafi da shi gwaji na mako biyu. Babban nake so. Ranar yaye ɗalibai sai na ƙarshen fili ya ji waƙar yaran da nake koyarwa.

Litinin, 24 ga Yuni
Shugaban makaranta ya hana atisayen waƙa bayan an tashi, wai ana kulle ajujuwa. To, zauren gidanmu ke nan. Na faɗa wa Inna. Ta daɗe tana tsintar shinkafa kafin ta ce: "Na bar ka da molonka na Turawa don ba ya fita ɗaki. Amma kada in ji a bakin maƙwabta cewa ɗan da na kai makaranta ya koma maroƙi."
Na ce ba za ta ji ba. Idan ta rufe zauren nan, yaran ba su da wani wuri. Ni ma haka.

Asabar, 29 ga Yuni
Innalillahi.
Wuta ta zo da hantsi, yara suka taru, na kunna. Abin da ban sani ba: babban ba ya sakin daɗinsa sai an murɗa shi sosai. Na murɗa. Gidajenmu kuwa dangar kara ce kawai tsakani, gona kuma ba ta tare sauti. Mu a nan idan aka ji sifika da rana, biki ake yi. Ba mu gama waƙa ta biyu ba sai ga Hajiya Jumma ta gidan gabas da mata uku, an ci ado, ɗaya har da kwanon cincin. Tun daga ƙofa take cewa: "Haba Innar Abdulhadi! A ɗaura wa Malam aure ba a faɗa mana ba? Me muka yi miki?"
Inna ta yi ta rantsuwa. Suka leƙo zaure, suka gan ni rungume da jita. Hajiya ta ce, "Au, ashe angon ne da kansa makaɗin."
Yara suka sulale.

Lahadi, 30 ga Yuni
Inna ba ta amsa gaisuwata da safe ba. Da rana ta ce abin nan ya bar mata gida. Shi ke nan.

Talata, 2 ga Yuli
Ban bari ba. Na zauna na yi tunani kamar yadda nake sa yara su yi a darasin kimiyya. Matsalar ba kwalabe ba ce, girma ne. Ƙaramin zai kai ga daɗinsa tun bai tsallake danga ba. A fili kuma sai a kafa masa makirufo a gaba, lasifikar makaranta ta ɗauka. Naziru ya yi ta dariya a waya, wai zan je biki da rediyon kaka. Ya yi ta yi.

Asabar, 6 ga Yuli
Na mayar da babban, na sayi ƙaramin. Na sa shi a gaban Inna na ce gwaji ɗaya nake roƙo: ta je bakin rijiya ta tsaya, in ta jiyo, gobe ya bar gidan. Ta je. Na yi kiɗa. Ta dawo ta ce ba ta ji ba, amma ai kunnenta ya tsufa. Ba ta ce e ba. Ba ta kuma ce a'a ba.

Laraba, 10 ga Yuli
Atisaye ya yi kyau. Ramlat, wadda ke ba da waƙa, muryarta siririya ce. Da babban ba a jin ta ko kaɗan, yau kuwa kowace kalma ta fito. Na ce mata ta daina kallon ƙasa, tana da abin da za ta ɗaga kai dominsa.

Alhamis, 11 ga Yuli
Na bar shi a kunne na tafi la'asar, kada kwalaben su huce kafin yara su zo. Na dawo na ji ƙauri. An lulluɓe shi ruf da zane mai kauri, an cusa gefen ta baya inda iska ke fita, an ɗora littafina a kai don kada ya zame. Na yaye. Zafi kamar murhu. Kwalba ɗaya ta mutu, ba ya ko tari. Jibi ne taron.
Na fito tsakar gida da zanen, bakina cike da magana. Sai na lura da shi: farin zanen da take rufe kwallayenta na jere ne, wanda ta yi wa surfani da hannunta. Ko ƙanwata Ummi ba ta isa ta taɓa shi ba.
Inna ta ce, "Na ga ka bar shi tsirara ga feshin ruwa. Abu mai daraja ai rufe shi ake yi."
Na ce na gode, Inna. Na naɗe wurin da ya babbake ta ciki.

Juma'a, 12 ga Yuli
Kano bayan sallar Juma'a. Abdulkabir ya sa wata kwalbar, ya tambayi wa ya toshe masa numfashi. Na ce tsautsayi ne.
Na gaya wa Inna sai ya huce ake rufe shi, kamar tukunya. Ta ce, to me ya hana ka faɗa tun farko?

Asabar, 13 ga Yuli
An yi. Na ƙarshen fili ya ji. Ramlat ta ɗaga kai. Naziru ya ce, "Rediyon kaka ya yi, amma kada ka ce na faɗa."

Lahadi, 14 ga Yuli
Ba atisaye yau, an yi hutu. Duk da haka na kunna bayan azahar. Inna na gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗar miya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Wancan kiɗan mai sanyin ya fi. Wannan sauri gare shi kamar ana korarka."
Na koma mai sanyin. Na kuma juya fuskar amfilifayan daga ƙofar waje zuwa cikin gida. Sauti ya fi zama ta nan ne, saboda bangon. Ina jin saboda bangon ne.