Kwalbar Da Na Tsiyaye A Bikin 'Yata

Uwargida Verna,

Don Allah ki agaza mini da shawara, na yi ɓarna da hannuna kuma na rasa ta inda zan kama gyara. Wata huɗu ke nan 'yata Shelby ba ta ɗaga wayata. Ita kaɗai gare ni, ga shi kuma a bakin mutane na ji tana da juna biyu.

Shekara talatin da takwas na yi ina aiki a ma'ajiyar gangunan burbon, barasar nan tamu ta masara, a nan Bardstown. Da hanci kawai nake gane gangar da ta tsufa a saman bene da wadda ta tsufa a ƙasa, ba yabon kai ba, kowa ya sani. To, tun da aka fara fito da masu zuma da kirfa da tuffa, har da mai man gyaɗa fa, nake jin haushinsu. Ganga ta yi shekara takwas tana aikinta, sannan wani ya zo ya ɗura mata sukari? Maganin tarin yara nake ce musu. Matata Nadine, Allah ya ji ƙanta, in na fara sai ta yi murmushi ta ce, "Baban Shelby, sha naka ka ƙyale mutane."

Da bikin Shelby da Corbin ya matso (ɗan jihar Ohio ne, ba shi da hayaniya), sai suka bi al'adarmu ta nan. Saura wata guda suka je filin da za a yi taron, suka binne kwalbar burbon cike, bakinta ƙasa, don kada ruwan sama ya ɓata biki. Ni ban je ba, gwiwa ta hana ni. Ranar bikin kuwa gari ya yi garau. Aka miƙo mini shebur a matsayina na uban amarya, don in tono kwalbar a sha, na tono ta, na goge ƙasar, sai ga mai zuma da kirfa, ta araha ma. Tsofaffin abokan aikina na tsaye, ɗaya ya ce, "Kai, ka yi suruki mai shan alewa!" Aka kwashe da dariya, kunya ta rufe ni. Na juya ga Corbin na ce, "Yaro, a nan ba a ɗaura aure da maganin tari." Na buɗe ta na tsiyaye tas cikin ramin, na ɗauko tawa daga mota. Har tafi aka yi mini. Shelby ta tattare rigarta ta bar wurin, ko rawar uba da 'ya ba mu yi ba.

Bayan kwana uku Opal, ƙanwar matata, ta zo har gida ta wanke ni tas. Ashe kwalbar Nadine ce. Irinta take so, shekara da shekaru tana ɓoye ta a bayan buhun fulawa don gudun ba'ata. Wannan ce ta ƙarshe da ta saya kafin ciwo ya kwantar da ita, ba ta ko buɗe ba, ta ba Shelby ta ce a binne ta in aurenta ya zo. Opal ta ce, "Duk mun sani sai kai, sarkin hanci."

Wallahi tun ranar ko ƙanshin burbon ba na so. Na aika wa Shelby kwalba mai shekara ashirin, aka dawo mini da ita. Amma in faɗi gaskiya, har gobe ba na son mai zumar nan, kuma da sun gaya mini ai da ba a yi haka ba. Laifina ne ni kaɗai? Me zan yi kafin jikana ya iso?

Tsoho mai nadama,
Bardstown

*

Baban Shelby,

Wasiƙarka ta taɓa ni, kuma ba zan ƙara maka gishiri a ciwo ba. Ba kowane namiji ne zai zauna ya rubuta laifinsa dalla-dalla haka ba.

Harshenka naka ne. Babu mai tilasta maka son mai zuma, kuma kada ka je kana kurɓa kana ƙaryar ta yi daɗi, Shelby za ta gane. Gaskiya ne kuma da ta raɗa maka kalma ɗaya kafin ka kama shebur da an tsira. Amma ka tambayi kanka abin da ya hana ta. Gidan da uwa ke ɓoye kwalbarta a bayan fulawa, ta ina 'ya za ta sami bakin magana?

Ka ajiye maganar "ban sani ba". Ko da Corbin ne ya zaɓi kwalbar, bai kamata ka tozarta shi a ranar aurensa don abokanka su yi maka tafi ba. Saboda haka da shi za ka fara. Ka same shi ido da ido ka ba shi haƙuri, ba tare da "amma" ba.

Kada ka sake aika kwalba. Mai shekara ashirin ɗin nan ai zaɓinka ne ka sake tura mata. Ka rubuta 'yar gajeriyar takarda da hannunka, ka faɗi laifin da ka yi ƙarara, kada ka sa zancen jika a ciki, za ta ga kamar shi kake nema ba ita ba. Ba wa Opal ta kai. Sannan ka jira, ko da zai ɗauki watanni.

Ranar da ta buɗe maka ƙofa, ka shiga hannu sake, ka rage surutu. Abin da ka zubar ba ya dawowa, amma Shelby na riƙe da wata Nadine da kai ba ka taɓa saninta ba. Roƙe ta ta ba ka labarinta. Fara da ƙaramar tambaya: da ƙanƙara take sha ko haka nan? A wane kofi? Kai mijinta ne, kuma ba ka sani ba. Faɗa wa 'yarka haka, ka bari ta ga fuskarka yayin da kake faɗa.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ya sauke ta lafiya, kai ma ya ba ka haƙuri.

Verna