Ƙwayoyin da Ke Aljihun Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Antina da yara. Yaya aiki, yaya kuma sanyin can da kake ta kuka da shi? Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi har ta koma faɗan da ta saba, an kuma gyara rufin kicin da ke yoyo. Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna, ni da na saba cika maka waya da saƙon murya. Baba yana falo, bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma ka san kunnensa: abin da aka faɗa masa ba ya ji, wanda aka ɓoye masa shi yake ji sarai. Shi ya sa na zauna a kicin ina rubutawa, in na gama in ɗauki hotonta in tura maka. Don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka kira.

Yaya, Baba ya daina shan maganin hawan jininsa. Ka tuna manhajar da ka saka masa a waya zuwanka na ƙarshe, wadda ake ɗaukar hoton kwalin magani ta kawo bayaninsa? Da farko wallahi daɗi na ji. Mutumin da tun da ya bar garejin yake wuni yana kallon bango, sai ga shi da tabarau a kan hanci yana bincike, har suna ya raɗa mata, wai malaminsa. Maganin tarin maƙwabta ma bai tsira ba. Ranar da ya ɗauki hoton nasa kwalin ne komai ya lalace. Can ƙasa, cikin abubuwan da aka ce maganin yana iya jawowa, ya ci karo da kalmar ƙoda. Ba sai na gaya maka nauyin wannan kalma a gidan nan ba. Ita ta kai Inna asibiti, Allah ya jiƙanta, ba ta kuma dawo ba.

Ni ban san dawan garin ba. Kullum da safe in miƙa masa ƙwayar, ya kai hannu baki, ya kurɓi ruwa, har da hamdala. Ashe aljihu take tafiya! Wanki ne ya tona asiri. Na zura hannu a aljihun farar rigarsa na ji wani abu ya cakuɗe kamar jiƙaƙƙen alli, na juyo shi, sai ga ƙwayoyi birjik. Na kai masa rigar tana ɗiga. Ko gezau bai yi ba. Ya ce shi tsohon makanike ne, bai taɓa gyara birki ya kashe inji ba, ba kuma a jikinsa zai fara ba. Na ce likita ne fa ya rubuta. Ya ce ai manhajar ma ba daga sama ta faɗo ba, yayana ne ya saka da hannunsa, kuma ɗansa ba zai ba shi abin da zai yi masa ƙarya ba. Ka ji inda ka shigo.

Na je wajen likitan ni kaɗai. Ya ce ana rubuta irin wannan gargaɗi ne don wasu 'yan tsiraru, gwajin Baba na baya ya nuna ƙodarsa lafiya lau, kuma hawan jinin da aka bari babu magani shi ne ma yake cin ƙoda, ban da abin da yake yi wa kai. Na dawo na zayyana masa tas. Ya ce likita kallo ɗaya yake yi masa ya kira na gaba, malaminsa kuwa wuni suke yi tare. Na kira Kawu ya zo ya yi masa magana. Ka san yadda aka ƙare? Kawu ya zaro nasa maganin daga aljihu aka ɗauke shi hoto, ya tafi gida jiki a sanyaye. Ban san lokacin da na yi dariya ba, sai kuma na shiga ɗaki na yi kuka.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Yau da safe kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na hagu ya fashe. Ya ce zafi ne. Ba zafi ba ne, Yaya, ni na haɗa shayin. Ina kwashe fasassun ina satar kallonsa, yana ta murza yatsunsa da ɗaya hannun kamar ba nasa ba. Bayan ɗan lokaci hannun ya saki, ya tashi ya shiga banɗaki, ya bar wayar a kan kujera fuskarta a kunne. Allah ya yafe mini, na duba. Ashe ya tambayi malamin nasa abin da ke sa hannu ya mutu farat ɗaya, amsar kuma tana nan da jan rubutu: a garzaya asibiti, kada a jira ko da hannun ya dawo daidai. Ya karanta, na tabbata ya karanta. Da ya fito sai ya kifa wayar, ya ce in ƙaro masa shayi.

A nan na gane ba taurin kai ba ne. Inda manhajar ta ce ƙoda ya yarda, inda ta ce asibiti ya kifa ta, don duka biyun Inna suke tuna masa. Baba tsoro yake ji, ni ma tsoro ya kama ni, kuma maganata ta ƙare a wurinsa. Taka ce ta rage. Kada ka yi masa faɗa, kada ka ce ya goge manhajar, ka san zai ƙara kafewa. Ka ce masa kai da ka saka ta kai ne kake roƙonsa ya ɗauki wayar ya tafi da ita asibiti, shi da likita su karanta tare, layi bayan layi. Na yi magana da maƙwabcinmu direba, motarsa tana bakin ƙofa. Na sa mayafina, na ajiye takalman Baba a bakin falo.

Ka gaishe mini da Antina da kyau, ka shafa mini kan yara. Gwaggo da Kawu da Auta duk suna gaishe ku, Allah ya tsare mana ku. Baba ma da ya san ina rubutu da ya ce in sa maka albarka. Daga nan ƙofar kicin ina hango shi, ya ɗora hannun hagun a cinyarsa ya rufe shi da hula don kada in gani, wayar tana kife a gefensa. Sunanka kaɗai zai gani ya juyo ta. Ka kira yanzu, Yaya.

Ƙanwarka,
Mai surutun gidanku