Kaka da Iskar Ɗakin Ƙasa

Litinin, 14 ga Oktoba
Ruwa ya sake shigo mana. Ruwan sama ya haɗu da cikar kogi, shi ke nan. Tun da aka ɗaga titin unguwarmu, ɗakin Kaka ya koma rami, ta taga tayoyin babura kawai ake gani. Waɗanda suka yi aikin nan, ina ma a kwantar da su ciki! Na sauka ruwa har gwiwa, na tarar da ita zaune kan gado rungume da hoton marigayi mijinta, tana min faɗa wai na bar takalminta yana iyo.

Talata, 15
Kawu Tam maƙwabcinmu ya kawo injin zuƙe ruwa. Laka, wari. Katifa ta tafi bola.

Alhamis, 17
Na karanta a wani tsohon littafin gini da na saya bakin hanya: bango in bai sha iska ba, fumfuna ce za ta ci shi, ta shiga huhun mutum. Na buɗe taga da ƙofa, na kunna fanka, na tafi kai saƙonni. Na dawo ta rufe komai, har da cusa tsumma a kafar taga. Wai muguwar iska ce ke kama tsoho, ita ta kama mijinta. Na ce taba ce ta kashe shi. Da ƙarfi na faɗa. Ta kunna wa hotonsa turaren tsinke kawai.

Asabar, 19
Baƙi-baƙi a bango bayan kabad. Tana tari. Na ce ta koma ɗakina na sama, ta ce in je in auri littafin nawa.

Lahadi, 20
Wai iskar fankata ce ta shige ta, sai na kankare mata baya da cokali da man zafi. Ban yarda da abin ba, amma na yi. Yaushe bayanta ya ƙanƙance haka? Ina jin numfashinta yana fito ƙarƙashin hannuna. Na sake roƙonta, a hankali wannan karon, don ba a yi wa bayan mutum ihu.
"Khoa, mai bakin barkono," ta ce, "gwiwoyin nan sau ɗaya za su iya benen nan. In na hau, sai dai a sauko da ni."
A nan ƙasa ko ba komai tana jin masu talla, Inna Lua mai miyar taliya tana leƙowa su yi gulma. A sama fa? Rufi da shiru.
Na ce to ni zan hau da ita, ni zan sauko da ita, kullum. Ta ce da wane ƙashin? Na durƙusa, ta riƙe wuyana.

Laraba, 23
Da safe ina ajiye ta a bencin Inna Lua, in sauka in buɗe komai. Na goge bango da khal, ruwan tsamin nan mai kashe fumfuna, na fidda kabad rana, na jera gawayi a kusurwa don ya tsotse danshi. Hoton ma ya hau sama, ita ta faɗa masa da bakinta cewa ƙaura ce ta ɗan lokaci. A kan bene tana dungure min kai, wai dokinta ba ya cin abinci.

Juma'a, 1 ga Nuwamba
Tarin ya ragu. Jiya ta yi barci a bayana kafin mu kai sama, na tsaya a tsakiyar bene na daɗe.

Lahadi, 10
Kawu Tam ya shiga ya shinshina, ya ce ɗaki ya yi, Kaka ta koma abinta ni ma bayana ya huta. Na ce wa ya tambaye shi? Bai bushe ba tukuna, a ƙara sati.
Na taɓa bangon da safe. Ya bushe ƙarau.