Abin da na faɗa wa likita game da Arzika

Inna,

Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sanyaya makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina raye ni ne zan karanta miki, kina kallon gefe kamar ba da ke nake ba.

Jiya likitan Nasara ya soka wa Arzika allura a wuya, ya tsotsi ruwa daga wata ƴar kaluluwa, ya shafa a gilashi. Madubin da yake duba ƙwayar cuta da shi ya fashe a hanyar Matankari, saboda haka an aika gilashin Doso. Idan aka ga ƙwayar ciwon barci, gardawa, dogaran Nasara, za su tafi da shi sansanin masu jinya. Idan ba a gani ba, zai koma gona.

Ga yadda abin ya faro. Bayan rasuwarki Arzika ya tafi cin rani bakin kogi, wajen Gaya, yana dakon busasshen kifi. Ya dawo gabanin shuka da ciwo a naman jiki, daga wuya zuwa kafaɗu har gadon baya. Ba targaɗe ba ne, ba kumburi. Wanzami ya yi masa ƙaho har bayansa ya cika da tabo, ciwon yana nan. An ce barci ɓarawo ne, amma ya kasa sace autanki da dare. Dije, matarsa, ta ce sai ya yi ta juyi a tabarma har zakara ya yi cara.

Na sa ido a kansa, na lura da abu ɗaya. Ranar da ya samu barci, ko kaɗan ne, yana iya ɗaga hauya da safe. Ranar da ya kwana ido biyu, ko rigarsa ta goge shi sai ya cije leɓe. Ciwon yana hana shi barci, rashin barcin kuma yana ƙara wa ciwon kaifi. Na karanta a littattafan likita da ke biro, ofishin da nake aiki, cewa wannan yana faruwa ga mutumin da ba shi da wata cuta sai gajiya da damuwa. Na riƙe wannan bayani hannu bibbiyu. Amma a cikin littattafan nan dai na karanta cewa ciwon barci, wanda ƙudan tsando na bakin kogi ke sa wa, da haka yake somawa: ciwon jiki, rashin barci da dare, gyangyaɗi da rana.

Arzika yana gyangyaɗi da rana, Inna. Kwanan baya barci ya ɗauke shi a bakin rijiya, igiyar wasaki a hannunsa. Wani Bafillace mai shayar da shanu ne ya cafke masa riga. Kin san zurfin rijiyoyinmu.

Da likita ya iso Dogon Dutsi aka jera mutane a gaban gidan kumandan, Baturen mulki, likitan yana lalube wuyan kowa. Ni ne tafinta. Duk garin ya san amsar da ake bayarwa: ba ka barci da rana, ba ka taɓa zuwa bakin kogi ba. Ba don wauta suke yin haka ba. Cikin waɗanda aka kai sansani a baya akwai wanda ya dawo da sanda, allurar maganin da ake yi a can ta cinye masa ido. Da aka zo kan Arzika, ya ba da amsar gari, na juya ta kamar yadda ya faɗa. Daga nan na ƙara, da Faransanci, cewa ƙanena ne, ya yi rani a Gaya, kuma ya kusa faɗawa rijiya. Arzika bai je lakwal ba balle ya ji Faransanci, amma ya ji sunan Gaya a bakina. Ya dube ni sau ɗaya, bai sake ba.

Me za ki yi da ke ce a wurina? Na san cutar nan, idan ita ce, ba ta barin wanda aka ɓoye. Na kuma san allurar tana iya makantar da shi. Idan gajiya ce kawai da kewarki, ashe na miƙa ɗan'uwana ga gardawa a kan karatun da na yi? Gwaggo ta ce doguwa ce ta hau shi, har ta nemi baƙin bunsuru da masu garaya. Dije ta daina aiko mini da tuwo. Ban ga laifinsu ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Da Arzika yana yaro, in ya dawo kiwo jikinsa na ciwo, kina zaunar da shi ki murza masa man kaɗe a kafaɗu har ya yi barci a cinyarki. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba kya kira, balle ki taɓa ni. Na san kunya ce, ba ƙi ba. Duk da haka nakan tsaya bayan rumbu ina kallonku. Yau na sayi man kaɗe na kai masa. Ban iya tausa ba, amma da na murza masa bai ture hannuna ba. Ya ɗan runtsa kafin la'asar. Ban san ko sauƙi ne ko alamar cutar ba. Wuyana ni ma ya soma riƙewa, don tun ranar rijiya ban yi barcin kirki ba.

Allah ya kai haske kabarinki, ya gafarta miki. Direban motar wasiƙu ya ce ya danƙa gilashin a hannun ma'aikacin asibitin Doso. Amsa ba ta iso ba tukuna.

Ɗanki na fari,
Gado