Tirela ba ta kai gudun haske ba

Assalamu alaikum Hassan,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya Fatakwal, yaya hanya? Ina Rabi da yara? Mu nan Kwanar Dangora sai godiya, shagona ya zama biyu.

'Yata Maryam ta zo hutu daga jami'a. Muna cin tuwo ta ce a karatunsu akwai misalin tagwaye irinmu: ɗaya ya zauna gida, ɗaya ya yi tafiya da gudu kusa da na haske. Wai lokaci jan ƙafa yake yi ga matafiyin, in ya dawo sai ya tarar na gida ya girme shi.

Na tsame hannu daga kwano na ce, "Alhamdulillahi! Shekara talatin Hassan na jan tirela, ni ina zaune. 'Yan mintunan da ya riga ni fitowa sun ƙare. Daga yau ni ne babba, ni zan fara magana a taron dangi."

Ta yi lissafi a bayan kwalin sukari, ta ce, "Baba, yi haƙuri. Gudun tirela ko ƙiftawar ido bai rage wa Baffa ba."

Na ce, "Ke, ubanki za ki kayar?"

Ta ce, "Ba ni ba ce, lissafi ne."

Wallahi ban taɓa shan kaye mai daɗi haka ba. Ni da na tsaya a aji uku na kama facin taya, yau 'yata ce ke auna lokaci! Riƙe girmanka, wannan ta ishe ni.

A sa ta a addu'a, jarrabawa na tafe. Ka gaida mutan gida.

Ƙaninka dai har yanzu,
Hussaini